Sun Rufe Mata Ido, Suka Bar Kumatu

Abin da na fara koya a Faransa shi ne kallon mutum cikin ido. Ranar da na kama sitaji, wato aikin neman ƙwarewa, a wani asibiti da ke arewacin ƙasar, babbar likitar sashen tana yi mini bayani, ni kuwa na sunkuyar da kai yadda aka rene ni, ina cewa to, to. Kafin a tashi aka ja ni gefe, aka ce matar ta yi ƙorafi: wai baƙon nan ko dai ba ya gane abin da ake faɗa, ko kuma yana ɓoye wani abu. Ni da na gama karatun likita a Yamai, na yi aiki a Damagaram har tsofaffi suna ɗauro mini ƙwai a bakin zane don godiya, sai ga ni ina koyon zare wa sa'ar uwata ido. Na koya kuwa, don takardar zamana tana hannunta.

Kafin nan na yada zango a gefen Paris, wurin wani mutum da aka haɗa ni da shi tun daga gida. An ce ɗan Birni ne, wato cikin garin Damagaram, zai riƙe ni kamar ƙaninsa. Riƙon da ya yi mini shi ne katifa a lungu, kusa da inda baƙinsa suke cire takalma. Kilishi da yajin da Goggo ta ƙulla mini ya karɓa wai zai adana, ran Juma'a sai na gan shi yana sayar wa mutane a ƙofar masallaci, har yana ce mini in matsa ina tare masa ciniki. Na bar gidan da akwatina da tarin da ya bi ni har arewa.

Can arewa sanyi ne da ruwa, ruwa kullum, ruwan da babu wanda yake so. In na tsaya a taga ina kallon yadda yake bin kwata yana tafiya a banza sai in ji zuciyata ta yi baƙi, domin a gida shekara ta biyu ke nan damina tana yanke mana tun gero bai yi kai ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Zermu. Mahaifinmu ya rasu da daɗewa, wana Isufu ne a gidan. Gidanmu kuwa ba na sarauta ba ne, ba na malanta ba, amma muna da abu guda: rumbun tsimi. Tun zamanin kakanmu akwai wani babban rumbu a ƙofar gida wanda ba a buɗe shi sai an shiga matsi, ko in shuka ta zo mutum ba shi da iri. Duk wanda ya wuce ya ga jinkarsa a tsaye, ya san garin bai ƙare ba. Da aka yi fari na farko Yaya ya buɗe shi ya yi ta auna wa mutane. A na biyu sai ya sake masa sabuwar jinka, ya ɗaure ta tam, kowa ya ce lallai akwai saura.

Duk lokacin da na kira shi maganar ɗaya ce.

"Yaya, ina labarin gida?"

"Sai godiya. Kai dai ka yi abin da ya kai ka."

"In aiko da wani abu?"

"Ka aiko wa wa? An ce maka bara muke yi?"

A asibitin ne na haɗu da Claire da Mathieu, matasa biyu masu koyon aikin likitan iyali, wato likitan da yake zaune a unguwa ko ƙauye yana duba kowa da kowa. Suna da wata al'ada a can da ta burge ni. Maimakon ɗalibi ya rubuta kundin kammala karatu a jefa a kabad, sai ya gina shafi a intanet wanda likita zai buɗe marar lafiya yana zaune gabansa, ya danna alamar da ya gani, shafin ya nuna masa abin da zai duba da maganin da zai ba da. Wasu sun yi na ciwon kunne, wasu na masu juna biyu. Su biyun nan sun zaɓi cututtukan fata a jikin baƙar fata, don littattafansu duka farar fata suke nunawa. Littafi ya ce ƙurji ja ne, likita ya dubi ɗan Afirka bai ga ja ba, sai ya ce lafiyarsa lau.

Suka ce in shigo, za a sa sunana tare da nasu, kuma hakan zai taimaka a tsawaita mini zama. Na shiga da zuciya ɗaya. Mathieu ya iya kwamfuta, Claire ta iya tsara magana, ni kuma ni ne na taɓa ganin makero da ƙazuwa da ƙyanda a jikin mutane ba a takarda ba. Ranakun hutu suna tafiya bakin teku, ni ina ɗaki ina rubuta musu yadda baƙar fata take dusashewa ko ta yi toka-toka. Ban ji ƙyashi ba. Claire ma tana da kirki irin nasu, ita ce ta fara lura ba ni da takalmin ruwa ta kawo mini na wanta. Abin da kawai suke kuka da shi shi ne ƙarancin hotuna.

Ana cikin haka wata rana hoto ya shigo wayata daga Birni, daga gidan Goggo, ƙanwar mahaifinmu. Na buɗe sai na ga Fanna, matar Yaya, tana riƙe da ɗansu Abdu a cinya. Fanna Babarbariya ce, abokiyar wasata tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "mijina na boko", kuma ba na shiga gidan in fita ba ta ɓoye mini takalmi ba. A hoton ba ta dariya. Ƙafafun yaron sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya kwanta, fatar cinyarsa tana ɓarewa kamar fentin tsohuwar ƙofa. Ban buƙaci littafi ba. Tamowa ce mai tsanani, ciwon yunwa, a gidan mai rumbun tsimi.

Na kira nan take. Goggo ta miƙa mata talho.

"Mijina na boko," ta ce, muryarta can ƙasa, "rumbun nan babu ko ƙwaya tun bara. Wanka ya hana a kai yaro inda ake rabon abincin leda na yaran da yunwa ta kama, ya ce in aka ga ɗansa a layi gari ya watse. Na ɓoye shi a ɗaki ina cewa haƙori ne, har na ga ba haƙori ba ne. Na ce zan zo suna Birni, shi ya sa ka gan ni da atamfa. Foton nan kai kaɗai. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na kira wani abokin karatuna da yake aiki a Damagaram, ya kwantar da yaron a ɗakin gefe, nesa da idon matan ƙauye. Goggo ta aika wa Yaya cewa ƙafarta ta tashi, tana son Fanna ta zauna ta yi jinyarta. Ko ya gane ko bai gane ba, bai tambaya ba. Abu ɗaya ya dame ni: miki ne a cinyar yaron da ban tabbata ko ya ruɓe ba. Claire ta yi aiki a sashen fata, don haka na nuna mata a wayata, na ce ɗan wana ne, kuma sirri ne. Ta dafa kafaɗata, idonta ya kawo ruwa. Ta ce in tura mata ta nuna wa babbanta ya ba mu shawara. Shawarar ta zo, kuma ta yi amfani. Abdu ya fara tashi.

Daga nan aka tura ni zango na gaba, wani ƙauyen manoman dankali, wurin wani tsohon likitan iyali da ake ce wa Dokta Bernard. A duk zamana a ƙasar shi ne mutumin da ya fara tambayata sunan garinmu ya kuma riƙe shi. Matarsa takan ajiye mini miyar da ba a sa naman alade ba, a tukunya daban. Rannan da hantsi wata mata 'yar Kamaru ta kawo ɗanta da ƙuraje, tsohon ya ce, "Bari mu gwada shafin abokanka, jiya aka buɗe shi." Yana ta dannawa yana yabo, sai ya wuce ta wani sashe, na ga atamfar da na sani.

Fanna ce da Abdu a cinya. An ja baƙin layi mai kauri a kan idanunta, an ja wani a kan na yaron. A ƙasa an rubuta: tamowa mai tsanani sakamakon rashin abinci, Afirka ta Yamma. Duk sauran fuskarta tana nan. Tsagar Barebari tana kwance a kumatunta, har da ta kuncin hagu wadda hannun wanzami ya goce ta lanƙwasa, wadda duk ƙauyenmu ake tsokanarta da ita. Bakinta a ɗan buɗe yake, wushiryarta tana nan, ga atamfar ankon bikin da rabin matan garin suka ɗinka tare.

Ban san yadda na ƙarasa aikin ranar ba. Washegari na hau jirgin ƙasa na sami Claire.

"Na ce miki sirri ne."

"Ai sirri ne har yanzu," in ji ta, kuma wallahi da gaske take. "Mun rufe idanun. Haka ƙa'ida ta ce. Babu suna, babu gari. Wa zai gane ta?"

"Kowa."

"Ta yaya, ba a ganin idonta?"

Na tsaya ina neman ta inda zan fara. Na ce mata a wurinmu ba a kallon ido. Surukan Fanna sun yi shekara da shekaru da ita ba su san kalar idonta ba, domin in ta zo gaishe su kanta a ƙasa yake. Dattijon da ya wuce ta a hanyar rijiya ba zai dube ta cikin ido ba, ita ma ba za ta dube shi ba. Da tsaga ake sanin mutum, da haƙori, da zane, da yadda yake riƙe ɗa. Na ce kun rufe wurin da babu mai dubawa, kun bar duk inda ake dubawa. Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ba ta taɓa tunanin haka ba. Sannan ta ce ba su da wani hoton tamowa mai kyau kamar wannan, kuma yanzu shafin ya fita daga hannunta, sai Farfesa.

Farfesan da yake duba aikin ya ba ni lokaci bayan kwanaki. Ya saurare ni yana kallona cikin ido, ni ma ina kallonsa yadda suka koya mini. Ya ce ya fahimci damuwata. Ya ce kwamiti ya riga ya tantance shafin yadda yake, ba a taɓa ko waƙafi sai bayan ɗaliban sun kare aikinsu a gaban malamai. Ya ce likitocin ƙauyukan Faransa ne za su duba, ba maƙwabtan wana ba. Da na nace, sai ya tuna mini a hankali cewa shi ne zai sa hannu a takardar tsawaita zamana, kuma yana son ya sa hannun da farin ciki. Na fito ina jin ɗacin da ban taɓa ji ba. Yunwar gidanmu ta zama kayan ado a aikin wasu, kuma ni ne zan yi haƙuri.

Na rubuta, na sake rubutawa, na roƙi Mathieu ya cire a ɓoye tunda makullin shafin yana hannunsa. Ya ce ba zai jefa karatunsa a wuta ba. Bayan 'yan makonni sai ga shi ya tare ni a farfajiyar asibiti yana murna, ya buɗe kwamfuta ya nuna mini taswirar duniya da ɗige-ɗige, kowane ɗigo wurin da aka shiga shafin. Ashe sun tura adireshin ga ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya na ƙasashen da ake jin Faransanci.

"Dubi," ya ce, "mutanenku suna shiga! Nan ba garinku ba ne?"

Yatsansa yana kan Damagaram.

Yaya bai taɓa kirana ba tun da na bar gida, ni nake kira. Ran nan ina cin abincin rana a kicin ɗin Dokta Bernard wayata ta yi ƙara, na ga lambarsa.

"Lawali."

"Na'am, Yaya."

"Mun ga aikinka. Allah ya yi albarka."

Ya kashe. Goggo ce ta ba ni sauran, tana kuka tana faɗa. A ɗakin shan magani na wani ƙauye kusa da namu akwai sabon majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, baƙo ne daga yamma, bai san kowa ba. Ya ga hoton a shafin, ya ga an rufe ido, ya ce ga abin koyarwa. Ya buga shi babba a takarda ya manna a bango ranar awon yara, ya tara mata yana nuna musu da sanda: in kun ga ɗa ya yi haka, yunwa ce, babu abinci a gidan. Bai rufe baki ba wata ta ce, "La ilaha, Fannar Isufu!" Kafin la'asar labari ya riga matan isa gida.

"Babu wanda ya yi masa dariya, ɗan nan," in ji Goggo. "Da dariya aka yi da ya fi sauƙi. Dattawa suka zo suka zauna a ƙofar gida suna kallon rumbun. Shi da kansa ya tashi ya hau ya kwance jinkar ya jefar ƙasa. Wasu da suke zaune don rumbun nan, a satin suka ɗaure kaya suka yi Kano. Waɗanda suka rage kuma, da safe sai a tarar da ƙwarya a bakin zaure, wannan tiya, wannan rabin tiya, ba a san mai ajiyewa ba. Isufu fa! Wanda ya auna wa gari!"

Dokta Bernard ya ga na ajiye cokali. Na ba shi labarin duka. Bai ce abin sha'awa ne ba. Sai ya ce a ƙauyen nan ma yana da tsofaffin da suke kashe wutar ɗumama ɗaki duk hunturu, amma in za su zo wurinsa sai su sa kwat ɗinsu mafi kyau, kuma bai taɓa nuna musu ya sani ba. Ya ɗauki waya ya kira Farfesa, ashe ajinsu ɗaya a da. Ban ji abin da aka ce a can ba, na dai ji tsohon yana ɗaga murya. Kafin mu gama duba marasa lafiyar yamma an cire hoton. Abin da na yi makonni ina roƙo, kira ɗaya na Bature ya gama shi, kwamitin ma bai farka ba.

Na je ranar da suka kare aikin, don in ga ƙarshen abin. An tafa musu. Sunana yana shafin godiya, tsakanin iyayen Mathieu da wata mai gyaran rubutu. Farfesa ya sa hannu a takardata da farin cikin da ya yi alkawari. Na karɓa na sa a akwati, ban kai ta ofishin da ake kaiwa ba. Claire ta raka ni tasha ta rungume ni, ta ce ta koyi abu mai yawa daga gare ni, kuma za su ƙara wani sashe a kan al'adu.

Na iso gida bayan an yi ruwa, gero ya kai gwiwa. Tun daga nesa na hango rumbun a buɗe, bakinsa yana kallon sama, kaji suna hawa suna sauka. Yaya ya tarbe ni a zaure. Ya rame, amma rigarsa wankakkiya ce. Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, wadda ake fitarwa in baƙo ya zo daga nesa, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni sanyin ƙasar. Na ce, "Yaya, maganar hoton nan..." Ya ce, "Ka sha ruwa tukuna." Abdu ya leƙo, kumatunsa sun ciko, ya gudu.

Sai ga mace ta shigo da akushi. Ta ja mayafi ta rufe kumatunta da hancinta da bakinta, ta soke shi a bayan kunne, idanu kaɗai suka rage. Ta durƙusa nesa da ni yadda ake yi wa surukai.

"Sannu da zuwa, Likita."

Na jira ta ce mijina na boko. Na jira ta tambaye ni ina Baturiyar da na auro. Takalmina yana nan a bakin ƙofa inda na cire shi.

"Fanna," na ce, "an cire hoton. Wallahi an cire."

Ta ɗago ta dube ni cikin ido, ta daɗe, har sai da ni da na koyo abin a Turai na sunkuyar da kai.

"An ce sun rufe mini ido don kada a gane ni," ta ce. "Tun ranar nake rufe sauran in zan fita. Kai ka gane ni?"

"Na gane ki."

"To, haka kowa."

Ta tashi ta shiga ciki. Yaya ya jawo akushin ya buɗe, tuwon gero ne da miyar kuka, yana tururi. Ya wanke hannu, ya turo mini ruwan.

"Bisimilla," ya ce. "Ci sosai, kada ka ji nauyi. Hatsin maƙwabta ne."